Ƙaura Zuwa SSD: Wace Manhaja Za Ka Damƙa Wa Amanar Faifanka?

Duk wanda ya kai tsohuwar kwamfutarsa wajen mai gyara yana kukan ta yi nauyi, da wuya ya baro shagon bai ji an ce masa, "Alhaji, a sa mata SSD kawai" ba. Shawarar kuwa ta gaskiya ce. Tsohon faifan ajiya, wanda ake kira HDD, faranti ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ga wani ɗan hannu yana kai-komo a kansa yana laluben inda aka rubuta abu. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Tsohon faifai yakan karanta megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD mai mahaɗin SATA yakan kai 550, nau'in NVMe kuma 3,500 ko fiye. Inda mai kwamfuta ya fi jin bambancin ma shi ne wajen nemo ƙananan fayiloli barkatai, domin a nan SSD yakan ninka tsohon faifai sauri kusan sau ɗari. Shi ya sa kwamfutar da a da sai ka kunna ta ka je ka dawo kafin ta tashi, yanzu kafin ka gyara zama ta buɗe.

Sayen SSD ɗin shi ne mai sauƙi. Wuyar aikin tana wajen ƙaura: yadda Windows da manhajojinka da takardunka na shekaru za su koma sabon faifai ba tare da an yi asarar komai ba. A nan ne mutane suke tambayar wace manhaja ce ta fi kowacce. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, sunan manhaja shi ne tambaya ta ƙarshe. Halin da tsohon faifanka yake ciki, da girman sabon, da yadda kwamfutarka take tashi, su ne za su zaɓa maka. Wanda ya fara da suna yakan ƙare da faifan da aka ce masa an kwafe tsaf, amma ya kunna kwamfuta ta ƙi tashi.

Me ake kwafewa?

Da yawa suna zaton in an kwashe duk fayilolin da ke cikin C an zuba a sabon faifai, an gama. Ba haka abin yake ba. Faifai a rarrabe yake kashi-kashi, abin da masu gyara ke kira fatishan, kuma wasu kason ba a ganin su sam idan an buɗe kwamfuta. A kwamfutocin zamani akwai wani ɗan ƙaramin kaso na EFI, yawanci megabait 100 zuwa 260, wanda a cikinsa ne aka ajiye abin da ke tayar da Windows. Akwai wani na megabait 16 da Microsoft ta keɓe wa kanta, akwai kuma na ceto wanda ake komawa gare shi in Windows ta sami matsala. A farkon faifan kuma akwai jadawalin da ke nuna inda kowane kaso ya fara da inda ya ƙare. Wanda ya kwashi fayiloli kawai kamar wanda ya kwashe kayan ɗaki ne ya bar ƙofa da mukulli a tsohon gida.

Kwafin faifai gaba ɗaya, wanda a bakin masu sana'ar ake cewa kulonin, shi ne ɗauko duk wannan tsari a mayar da shi kan wani faifan har ya iya tsayawa a madadin na farko. Yana da ɗan'uwa da ake yawan haɗa su, wato ɗaukar hoton faifai, inda ake dunƙule faifan duka ya zama fayil ɗaya a ajiye a wani wuri, daga baya a warware shi a kan duk faifan da ake so. Na farko ya fi sauri, na biyu ya fi aminci, domin kwafi na uku yana nan a gefe in wani abu ya faru.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. A tsakiyar shekarun 1990 Murray Haszard ya ƙirƙiro manhajar Ghost a kamfanin Binary Research da ke ƙasar New Zealand. Symantec ta saye ta a 1998, ta shahara da sunan Norton Ghost, har aka daina sayar da ita ga ɗaiɗaikun mutane a 2013. Tsofaffin masu gyara har yau suna tunawa da ita. Sai dai an gina ta ne a zamanin faifai mai juyawa, kuma SSD ya zo da nasa sharuɗɗan.

Tambayoyi huɗu kafin zaɓe

Ta farko, yaya lafiyar tsohon faifan? Wani lokaci nauyin da kwamfuta ta yi alama ce ta faifan ya fara mutuwa. Kowane faifai yana ajiye rahoton lafiyarsa, wanda ake kira SMART, kuma wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana karanta shi a cikin daƙiƙu. In ta nuna launin shuɗi, a ci gaba. In ta nuna rawaya ko ja, ko faifan yana ƙara ƙas-ƙas, to aikin ya tashi daga ƙaura ya koma ceto. Manhajojin kwafi na yau da kullum sukan tsaya cak idan suka ci karo da gurbin da ya lalace, ko su yi ta nacin karanta shi har su ƙarasa faifan. A irin wannan hali, fara kwashe takardu da hotuna mafiya muhimmanci da hannu, sannan a nemi GNU ddrescue, wadda aka yi domin wannan aiki. Takan fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ta rubuta taswirar inda ta tsallake, sannan ta dawo musu a hankali.

Ta biyu, wanne ya fi girma? Yawancin masu ƙaura suna barin faifai mai terabait 1 ne su koma SSD mai gigabait 256 ko 512, saboda tsada. Wannan yana yiwuwa muddin abin da ke cikin tsohon bai kai girman sabon ba, kuma manhajar ta iya rage girman kaso yayin kwafi. Ba kowacce ce ta iya ba. A kuma tuna cewa faifan da aka rubuta wa gigabait 500 a kwali, Windows za ta nuna shi kusan 465 ne, saboda bambancin lissafi tsakanin masu ƙera faifai da Windows. Sannan SSD ba ya son a cika shi maƙil. In bayan ƙaura zai cika har baki, gara a fara kwashe fina-finai da tsofaffin fayiloli zuwa wani wuri.

Ta uku, ta wace hanya kwamfutar take tashi? Tsarin jadawalin faifai iri biyu ne. Tsohon shi ne MBR, wanda ke tafiya da tsohon BIOS, ba ya ɗaukar manyan kaso fiye da huɗu, kuma ba ya iya amfani da abin da ya haura terabait 2 a faifai. Sabon shi ne GPT, wanda ke tafiya da UEFI. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce sabon faifai ya ɗauki tsarin tsohon. In aka cakuɗa, a kwafi Windows mai tashi ta MBR a kan faifai mai GPT ba tare da gyara ba, allo zai ce bai ga abin da zai tayar ba. Wanda ke son komawa GPT, misali domin Windows 11 da ke buƙatar UEFI da TPM 2.0, akwai umarnin mbr2gpt da Microsoft ta sa a Windows 10 tun 2017. Amma a raba ayyukan biyu, a gama ƙaura a tabbatar ta yi, sannan a sauya tsari. Wanda ya haɗa su rana ɗaya, in abu ya lalace ba zai san daga ina matsalar ta fito ba.

A ƙarƙashin wannan tambaya akwai batun mahaɗi. Siririn SSD ɗin nan mai suna M.2 iri biyu ne, akwai mai aiki da SATA akwai mai aiki da NVMe, kuma a ido sun yi kama. Wata kwamfutar ɗaya kawai take karɓa. Tsofaffin kwamfutoci masu BIOS kuwa galibi ba sa iya tashi daga NVMe, kuma Windows 7 ba ta zo da direbansa ba. Babu manhajar kwafin da za ta gyara SSD ɗin da bai dace da kwamfuta ba, don haka a duba kafin a biya kuɗi.

Ta huɗu, faifan a kulle yake? Kwamfutoci da yawa suna zuwa da BitLocker a kunne, mai ita ma bai sani ba, musamman waɗanda suka fito daga ofisoshi da masu sabuwar Windows 11. BitLocker yana sarƙe duk abin da ke faifan yadda ba mai iya karantawa sai da mukulli. In aka yi ƙaura ba a lura ba, kwamfutar tana iya tashi ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, kuma in babu ita babu shiga. Kafin a taɓa komai, a nemo lambar, yawanci tana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, a rubuta ta a takarda. Mafi sauƙi ma shi ne a kashe kullen gaba ɗaya, a jira ya gama warwarewa, a yi ƙaura, sannan a mayar da shi.

Manhajojin da ke kasuwa

Idan an amsa waɗannan, zaɓin ya ragu da kansa. Rukuni na farko shi ne manhajojin da masu ƙera SSD ke bayarwa kyauta. Samsung tana da Data Migration, wadda ba ta kwafi sai in sabon faifan na Samsung ne. Crucial da Western Digital suna bayar da wani nau'i na Acronis True Image da aka taƙaita, wanda ke aiki in ya ga faifan kamfanin a haɗe. Ga mutumin da ke da kwamfuta ɗaya, faifansa lafiya lau, kuma sau ɗaya zai yi aikin, wannan rukuni ya wadatar. Suna rage girman kaso da kansu, matakansu kaɗan ne, wurin kuskure ma kaɗan ne. Rauninsu shi ne in aikin ya tsaya ba sa yin cikakken bayanin dalili, kuma wanda ya sayi SSD na wani ƙaramin kamfani ba shi da rabo a cikinsu.

Rukuni na biyu na kuɗi ne. Macrium Reflect, ta wani kamfanin Ingila, ta daɗe tana da farin jini saboda nau'inta na kyauta, amma kamfanin ya janye shi, gyare-gyaren tsaronsa ma suka tsaya a farkon 2024. Yanzu sai gwaji na kwana 30, daga nan a biya. Har yanzu tana cikin waɗanda suka fi ba mutum iko a kan kowane kaso, kuma filashin cetonta yana da hanyar gyara Windows da ta ƙi tashi. Akwai cikakkiyar Acronis True Image, wadda ta haɗa kwafi da ajiyar ko-ta-kwana da kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta, abin da ya sa ta yi nauyi ga mai son kwafi kawai. Akwai kuma EaseUS da AOMEI daga ƙasar Sin, masu sauƙin fahimta. Sai dai a kula, sau da yawa nau'insu na kyauta yakan bar mutum ya bi matakai har kusan ƙarshe, sannan ya ce kwafin faifan da Windows ke kai sai an biya. A bincika wannan tun kafin a kwance kwamfuta.

Rukuni na uku shi ne manhajojin da kowa ke da 'yancin amfani da su da duba yadda aka rubuta su. Babbarsu ita ce Clonezilla, wadda Steven Shiau da abokan aikinsa suka samar a cibiyar manyan kwamfutoci ta ƙasar Taiwan. Ba a girka ta a cikin Windows. A filashi ake sa ta, a tayar da kwamfuta daga filashin, ta yi aikinta Windows tana kwance. Ba ruwanta da sunan kamfanin faifai, tana kwafin Windows da Linux, kuma ba ta neman ko kwabo ko intanet. Ga mai shagon gyara ko mai kula da ɗakin kwamfutoci na makaranta, da wuya a sami kamarta. Amma tana da sharuɗɗa biyu. Fuskarta rubutu ne zalla, kuma ba ta kiran faifai da C ko D, sai dai sda da sdb, don haka dole a natsu. Sannan tana son kason da za a zuba wa kaya ya kai na asali girma ko ya fi shi, wanda ke nufin mai komawa ƙaramin SSD sai ya fara rage kasonsa da hannu. Rescuezilla ta sauƙaƙa sharaɗi na farko, domin tana da fuska mai hotuna da ake latsawa, kuma tana karanta hotunan faifan da Clonezilla ta ɗauka.

Masu Mac nasu lamarin daban ne. Carbon Copy Cloner da SuperDuper sun daɗe suna wannan aiki, amma tun daga macOS Big Sur a 2020 Apple ta rufe kason tsarin aikinta da hatimi, kuma yawancin sababbin Mac ma'ajiyarsu a manne take ba a cire ta. Ga tsohon Mac da ake iya sauya wa faifai, hanya mafi tsabta ita ce a girka macOS sabuwa a kan SSD, a jawo kaya da Migration Assistant.

Abin da SSD ke buƙata

Ko wacce aka zaɓa, akwai abin da bai kamata a yafe mata ba. SSD yana rubutu ne a shafuka masu ƙayyadadden girma, kuma yana son farkon kowane kaso ya faɗa daidai kan iyakar shafi. Windows XP takan fara kasonta a gurbi na 63, wanda bai faɗa daidai ba, daga Vista ne aka koma gurbi na 2048. In manhaja ta kwafi tsohon tsari yadda yake, kowane ƙaramin rubutu sai ya taɓa shafi biyu, sauri ya ragu, faifan kuma ya riƙa cin kansa a banza. Manhajojin zamani sukan daidaita wannan, wasu da kansu, wasu sai an latsa wani ɗan akwati mai ambaton SSD. Ana iya tabbatarwa bayan ƙaura: a buɗe msinfo32, a duba lambar inda kason ya fara, in ta rabu da 4096 ba saura, to daidai ne.

Haka kuma a bar manhajar ta kwafi wuraren da ke da kaya kawai. Zaɓin kwafin kowane gurbi, har da wanda babu komai a ciki, yana da amfani wajen ceto da bincike, amma a ƙaura ta yau da kullum ɓata lokaci ne, kuma ba ya shiga ƙaramin faifai. Sai kuma filashin ceto: manhajar da ta ba ka damar haɗa shi, haɗa shi tun kafin ka fara, ka gwada ka ga kwamfutar tana tashi daga kansa.

Akwai lokacin da barin kwafin ya fi alheri. Kwafi ba ya tace komai, ƙwayar cuta da tarkacen shekaru duk tare suke ƙaura. Kwamfutocin gwanjo da ake saya a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja sau da yawa suna zuwa da Windows da ba a san wanda ya girka ta ba, ko abin da ya bari a ciki. Irin wannan, girka sabuwa ya fi. Haka wanda ke kan Windows 10, wadda Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, in kwamfutarsa za ta ɗauki Windows 11, zuwan sabon faifai dama ce ta fara da tsabta. Kwafi ya fi dacewa da wanda tsarinsa ke da lafiya, yana da manhajojin aiki da sake girka su zai ci kuɗin data da kwanaki, kamar mai lissafin kuɗi ko mai haɗa bidiyo ko mai shagon buga takardu.

Ranar aiki

Kuskure mafi muni a wannan sana'a ɗaya ne, kuma babu manhajar da ta gagare shi: a juya tushe da masauki, a kwafi sabon faifai wanda babu komai a kan tsohon mai kaya. Minti ɗaya ya isa ya share aikin shekara goma. Kafin latsawa ta ƙarshe, a karanta sunan faifai da girmansa sau biyu, a kuma cire duk wani filashi ko faifan waje da ba shi da hannu a aikin.

Sai wuta. Ta mahaɗin USB 3.0, gigabait 200 kan ɗauki ƙasa da awa ɗaya, ta USB 2.0 kuwa ya kusa awa biyu. A inda ake ɗauke wuta ba sallama, kada a fara da kwamfutar tebur sai da UPS ko sola, ita kuma ta hannu a cika batirinta a bar ta a jone. A kuma gwada SSD ɗin kansa in ba a amince da inda aka saye shi ba, domin akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Manhajar H2testw takan cika faifai ta sake karantawa, ta tona asirin irin waɗannan. Araha ba ta ado.

Idan kwafi ya kammala, a kashe kwamfuta, a cire tsohon faifan, a tayar da ita da sabon shi kaɗai. Faifai biyu masu shaida iri ɗaya, kamar na asali da kwafinsa, suna rikita Windows, har takan kashe ɗaya, ko ta tashi daga tsohon mutum yana zaton sabon ne. Bayan ta tashi, a buɗe manhajojin aiki ɗaya bayan ɗaya, a duba takardu, a tabbatar Windows ta gane faifan a matsayin SSD domin ta riƙa aika masa umarnin TRIM, wanda ke sanar da shi wuraren da aka goge. Wannan umarni yana cikin Windows tun daga Windows 7.

Tsohon faifan kuwa a ajiye shi yadda yake na mako biyu ko wata guda. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu. Kada kuma a bar shi a shagon gyara ko a sayar ba a goge shi sosai ba, domin hotunan iyali da kalmomin sirri da takardun banki duk suna ciki, kuma fomatin na gaggawa ba ya share su. Mai gyara na ƙwarai da kansa zai miƙo maka shi, don ya san amana ce.

Abu na ƙarshe da ya kamata ya shiga lissafin zaɓe shi ne abin da zai biyo bayan ƙaura. Tsohon faifai yakan yi ƙara ko nauyi kafin ya mutu, SSD kuwa yana iya ɗaukewa dare ɗaya ba gargaɗi, kuma saboda TRIM, abin da aka goge a kansa da wuya a dawo da shi. Don haka in manhajoji biyu suka yi kunnen doki a wajenka, ɗauki wadda ta iya ɗaukar hoton faifai, wadda kuma za ka iya sarrafawa da kanka ba sai an tsaya a kanka ba. Bayan wata guda, idan ka gamsu sabon faifai ya zauna, sa tsohon a ɗan akwatin USB, ka goge shi, ka mayar da shi ma'ajiyar hoton sabon, kana sabunta hoton duk ƙarshen wata. Ranar da SSD ɗin ya ƙi tashi, abin da za ka rasa bai wuce aikin 'yan makonni ba.